Na'urar Bin Sawun Mota: Abin da Ya Kamata Ƙungiya Ta Sani Kafin Ta Saya

A zagayen da muka yi da ranin nan, kusan kowane taron ƙungiyar gama kai da muka zauna sai an ɗaga mana tambaya guda. Wani dattijo ya faɗe ta a fili, ya ce, "Malam, wani saurayi ya zo daga gari da ɗan akwati kamar na ashana, ya ce in mun sa shi a jikin tarakta ko babur, ɓarawo ba zai iya sacewa ba. Gaskiya ne, ko kuwa kuɗinmu yake nema?"

Tambayar tana da nauyi, gama taraktar nan da keken ɗaukar kaya da babur ɗin magatakarda, duk da gumin membobi aka saye su. Waɗansu ma bashi ne ba a gama biya ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda abin nan yake aiki, da inda yake taimako, da inda yake kasawa, domin kowace ƙungiya ta yanke shawara da idonta a buɗe.

Daga ina abin ya fito?

Sunan da aka fi saninsa da shi GPS. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi domin jiragensu na sama da na ruwa su san inda suke. Sun harba tauraron ɗan'adam na fari na wannan aiki a 1978. A 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya ɓace hanya ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan wannan Shugaba Reagan ya yi alkawari cewa in an gama aikin, za a bar farar hula su yi amfani da shi. An sanar da kammala shi a 1995.

Da fari da gangan sojoji suke rage daidaicin saƙon da farar hula suke samu, har mutum ya iya yin kuskuren mita 100. A watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina yin haka. Tun daga nan abin ya bazu, ya shiga motoci da wayoyin hannu. Yau waya mai kyau a fili, inda babu itatuwa ko gini, takan nuna wurin da mutum yake da kuskuren da bai wuce kamar mita 5 ba.

Waɗansu ƙasashe ma sun yi nasu. Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo wanda ya soma aiki a 2016, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Yawancin wayoyin yanzu suna sauraron fiye da ɗaya daga cikinsu, ko da yake mutane suna kiransu duka GPS. Ba a biyan ko kwabo domin jin saƙonsu.

Yadda yake aiki

Taurarin GPS suna da nisan kilomita wajen 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau 2 a yini. Ana bukatar aƙalla 24 domin kowane wuri a duniya ya samu, amma waɗanda suke aiki sun kai wajen 30. A cikin kowanne akwai agogo mai tsananin daidaici. Aikinsa guda ne dare da rana: yana faɗa ta rediyo ko shi wane ne, da inda yake, da lokacin da ya yi maganar.

Kun san in an yi walƙiya, sai an jima kaɗan a ji tsawa. Yaro mai wayo yakan ƙirga tsakaninsu ya gane ko hadarin yana nesa ko kusa. Haka na'urar take yi. Tana duba lokacin da saƙo ya taso da lokacin da ya iso, ta lissafta nisan tauraron. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka in aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an yi kuskuren mita 300 ke nan. In ta ji taurari 4 ko fiye, sai ta fitar da wurin da take.

Ku riƙe wannan da kyau: na'urar GPS saurare kawai take yi, kamar akwatin rediyo. Tauraron bai san ku ba, ba ya kuwa ganin motarku. To, yaya ma'aji da yake zaune a gida zai ga inda tarakta take? Shi ya sa ɗan akwatin nan yake da sassa biyu. Ɗaya kunne ne mai sauraron taurari. Ɗayan kuma ƙaramar waya ce mai layin sim a ciki, ita take aiko da labari zuwa wayarku. Wuta kuwa daga batirin motar take sha, tana da ɗan batir nata wanda ba ya daɗewa. Watau abu uku ne suke riƙe da ita: sarari, layin waya, da wuta. In ɗaya ya yanke, aikinta ya tsaya.

Amfaninsa ga manomi

Na fari shi ne awon gona. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Game da gona dai, mun ga ido yakan ruɗi mai shi ƙwarai. Hekta guda mita 100 ce tsawo, mita 100 fāɗi, watau kusan eka biyu da rabi. A ce malamin gona ya ce ka sa taki buhu 4 a kowace hekta, kai kuwa kana zaton gonarka hekta 2 ce, alhali ɗaya da rabi ce. Ka sayi buhu 8 a maimakon 6 ke nan, kuma mai tarakta zai karɓi kuɗin rabin hektar da babu ita. Da waya mai manhajar awo, mutum ya bi iyakar gonar da ƙafa a hankali, ya tsaya a kowace kusurwa, zai samu girmanta. A yi sau biyu a gwada amsoshin.

Amma kada a ɗauki waya a je raba gardamar iyaka da ita. Kuskuren mita 5 ba kome ba ne a gona mai hekta 3, amma a lambu mai mita 20 kashi ɗaya cikin huɗu ne na fāɗinsa. Maganar iyaka ta dattawa ce da mai unguwa da ma'aunin ƙasa na gwamnati, wanda kayan aikinsa sun fi waya nesa.

Na biyu shi ne lissafin aikin tarakta. Na'urar tana rubuta inda taraktar ta je, da ƙarfe nawa aka tashe ta, da awa nawa ta yi. Da wannan ƙungiya za ta san lokacin juyen baƙin mai, ta kuma gwada man da aka sha da aikin da aka yi. Kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014 ya kuma soma aiki a Nijeriya, a kan wannan dabara ya gina sana'arsa: ana sa na'ura a jikin tarakta, mai ita yana ganin aikinta daga nesa, ƙananan manoma kuma suna haɗuwa su yi hayarta.

Na uku shi ne sata. Ana iya zana wa motar iyaka a taswira, in ta ƙetare sai saƙo ya shigo waya. Waɗansu na'urorin ma ana iya kashe inji da su daga nesa. Amma mu ba dattijon nan amsarsa: na'urar ba ta hana ɓarawo ɗauka. Abin da take yi shi ne ta faɗi inda aka kai kayan, muddin tana da rai.

Inda yake kasawa

Bari mu ba ku labarin abu biyu da muka gani da idonmu.

Wata ƙungiya ta sa na'ura a babur ɗinta, aka yi murna, aka manta da ita. Bayan watanni aka sace babur ɗin ran kasuwa. Magatakarda ya buɗe waya, sai ya ga taswira tana nuna babur ɗin a ƙofar gidansa, wurin da na'urar ta yi magana ta ƙarshe tun kafin girbi. Ashe kuɗin layin ya ƙare tuntuni, ba wanda aka ɗora wa alhakin sabunta shi. Wanda ya sayar musu kuwa lambarsa ba ta shiga. A Nijeriya layin da ba a haɗa shi da lambar NIN ba ana rufe shi, layin da ya daɗe ba a amfani da shi ma kamfani yakan karɓe. Layin da yake ɓoye a ƙarƙashin sirdin babur shi ne ya fi sauƙin mantawa.

Na biyun ya fi ba mu baƙin ciki. Wata ƙungiya ta aiki direbanta da buhunan masara zuwa kasuwa. A hanya motar ta ɓace daga taswira tun la'asar har wayewar gari. Kafin ya komo magana ta riga ta zaga gari cewa ya karkata da kayan. Da ya iso da kuɗi cif, aka bincika, sai aka tarar taya ce ta fashe masa a wani kwari inda babu sabis. Na'urar ta adana tafiyar duka a cikinta, da ta samu layi ta aiko, ta nuna motar ba ta gusa daga bakin hanya ba. An roƙe shi gafara, amma bai ƙara riƙe makullin ƙungiyar ba, ya ce ya gode. Sun yi hasarar direba mai aminci saboda gaggawar baki. Shirun na'ura ba shaida ba ne a kan kowa.

Rashin sabis kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyukanmu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan lokaci duk na'urar da ta dogara ga sim bebiya ce. Rufin kwano, da kurmi mai duhu, da gindin dutse su ma suna tare saƙon taurari.

Har masu manyan gonaki a ƙasashen waje abin yakan ba su kunya. A ranar 10 ga Mayu 2024 wata babbar guguwa daga rana ta dama sararin sama, manoma da yawa a Amurka da taraktocinsu suke bin layi da GPS suka tsai da shuka a tsakiyar lokacinta.

Na'urar toshe sigina

Yanzu mun zo kan abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Saƙon da ya taso daga nisan kilomita 20,200 yakan iso ƙasa da rauni ƙwarai, kamar raɗa. Ku tuna da mai tallan magani a kasuwa. In ya kunna lasifikarsa kusa da ku, ko maƙwabcinku ba za ku ji ba. Haka na'urar toshe sigina take. Tana watsa hayaniya a daidai zangon da taurari suke magana, sai kunnen na'urar bin sawu ya toshe. Waɗansu ƙanana ne, ana cusa su a ramin kunna sigari na mota. Manya kuwa suna da eriya da yawa, suna toshe har da layin waya.

Mutum iri biyu ne suke nemanta: ɓarawo, da direban da ba ya so a san inda ya je. A ƙasar Meziko masu fashin manyan motocin kaya sun yi ta amfani da ita har aka yi doka a 2020 wadda ta hana ƙera ta da sayar da ita da amfani da ita, da hukuncin ɗaurin shekara 12 zuwa 15.

Ɓarnarta ba ta tsayawa a mota guda. A Amurka wani direba ya sa irin wannan a motar kamfaninsu domin ya ɓuya wa maigidansa. Da ya bi ta kusa da filin jirgin sama na Newark, sai ta dama wata na'urar taimaka wa jirage sauka da ake gwadawa a wurin. Aka bi sawun hayaniyar aka same shi, a 2013 hukumar sadarwar ƙasar ta sa masa tara ta kusan dala 32,000. A 2024 kuma kamfanin jirage na Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na ƙasar Istoniya har wata guda saboda ana dama saƙon GPS a yankin.

A nan Nijeriya hukumar NCC ce take da iko a kan kayan sadarwa bisa ga dokar 2003, ba a kuwa yarda kowa ya kunna abin da zai toshe sadarwar jama'a ba. Muna roƙon matasanmu masu tuƙi, in wani ya kawo muku ita ku ƙi. Wanda ya toshe layin waya domin ya ɓoye tafiyarsa, watakila ya toshe kiran matar da take naƙuda a gidan da ya wuce.

Yaya za a gane an yi amfani da ita? Rashin sabis yakan faru a wuri guda kullum, kowa ya san kwarin da waya ba ta kamawa. Amma in na'ura ta yi shiru farat ɗaya a kan hanyar da ta saba magana, ko kuwa wayoyin mutanen da suke kusa da motar suka ɗauke tare, akwai dalilin bincike. Na'urori masu kyau suna gane hayaniyar su aiko da gargaɗi in layi bai riga ya toshe ba, waɗansu kuma su rubuta lokacin. Ku tambayi mai sayarwa ko tasa tana yin haka.

Shawararmu ga ƙungiyoyi

1. A kawo maganar gaban taro a rubuta ta a littafi. Kuɗin na'ura sau ɗaya ne, amma kuɗin layi na kowane wata ne ko kowace shekara. A sa shi cikin kasafi.

2. A saya a wurin mai shago da aka san mazauninsa, a karɓi rasit. A sa ya gwada ta a ƙauyenku da gonakinku, da layin da ya fi kamawa a wurinku. Gwajin da aka yi a cikin gari bai isa ba.

3. A yi rajistar layin yadda ƙungiya za ta iya sabunta shi ko da magatakarda ya canja. A sauya lambar sirrin da na'urar ta zo da ita, gama yawancinsu da lamba iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta. Mutum biyu su riƙe sabuwar.

4. Mai gyaran wutar mota da kuka amince da shi ya ɗaura ta a ɓoye, inda ruwa da zafin inji ba za su same ta ba. Kada a yi ta shelar wurin.

5. A naɗa mutum guda ya duba ta kowane mako, ya ba da rahoto a taron wata.

6. A gaya wa direba tun ran fari cewa akwai na'ura a motar, a kuma nuna masa abin da take rubutawa. Mai gaskiya za ta zama masa shaida ran da aka zarge shi. Sa wa mutum ita a asirce, ko a abin hawan da ba naku ba, cin amana ne. Wannan ya haɗa da miji da mata.

7. Kada a kashe inji daga nesa sa'ad da mota take gudu. Akwai rayuka a kan hanya.

8. In an yi sata, a kai wa 'yan sanda labarin wurin nan da nan tare da takardun motar, da lambar inji da ta jiki. Kada matasa su ɗauki sanduna su bi taswira zuwa daji. Ana sake sayen tarakta, amma wanda ya mutu ya tafi ke nan.

9. Kada a yar da tsohuwar dabara. Sarƙa da kwaɗo, da rumfa mai ƙofa, da mai gadi, da maƙwabta masu lura da baƙuwar fuska, har yanzu su ne katanga ta fari. Rigakafi ya fi magani.

Ƙungiyar da take da tarakta ko motar kaya mai zuwa nesa, a wurin da waya take kamawa, muna ganin na'urar za ta biya kuɗinta ta wurin lissafin mai da na aiki, ko da ba a taɓa yin sata ba. Wadda kuwa take inda babu sabis, gara ta sa kuɗin a rumfa mai ƙarfi da makulli tukuna. Awon gona da waya kuwa kowace ƙungiya za ta iya somawa kafin ruwan fari, ba sai ta sayi kome ba.

Tambayoyi domin taronku na gaba

Membobi nawa ne a cikinku suka san ainihin girman gonarsu? Wane ne yake riƙe da takardun abin hawan ƙungiya, an kuwa rubuta lambar injinsa a littafi? In kuna da na'ura, yaushe aka duba ta ƙarshe? In ta yi shiru gobe, wa za a fara tambaya, da wane irin harshe kuma?

Ku tattauna, ku aiko mana da abin da kuka gani ta hannun malamin gona na yankinku, domin waɗansu ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye masu tafiya a kan hanya.